A Bar Shi a Ƙasa

A gidanmu ba a cewa abu ba zai yiwu ba. Ba wai mun fi kowa ƙarfin hali ba ne, Baba ne ya hana. Sana'armu ita ce kwashe wa mutane kaya idan za su tashi daga wani gida zuwa wani: gado, kabad, firji, kujeru, har da tarkacen da mai shi ke jin kunyar a gani amma ba zai iya zubarwa ba. Baba ya fara da kafaɗarsa da igiya guda, ya kai ga mallakar mota, ya haifi maza biyu ya ɗora su a kan aikin, sannan ya haife ni ya rasa yadda zai yi da ni, sai ya damƙa mini waya. Ni ke amsa kira, ni ke shan faɗan duk wanda aka fasa wa madubi. Shi ya sa yayyena suke kirana Ofis, kuma har yau ban yafe musu ba.

Idan aka kira mu aiki, Baba ba ya taɓa kaya sai ya fara bin hanyar da kayan za su bi, hannu a baya kamar mai neman gidan haya. Ya hau bene, ya tsaya a kowace kwana, ya ware hannuwansa ya auna faɗin ƙofa, ya ɗaga kai ya dubi silin. Ya nuna wa yaransa inda za a sauke a huta, don a wajensa babban wauta ne mutum ya ɗaga kaya bai san inda zai ajiye ba. Sai bayan nan ya dawo ya dubi kayan ya yanke hukunci, kuma hukuncinsa huɗu ne. "Zai shiga," wato a ɗauka kawai. "Zai shiga da dabara," wato za a karkata, a juya, a yi gumi, wataƙila a cire ƙofa. "Sai an kwance," wato a kawo sukundireba, abin zai hau amma gunduwa-gunduwa. Na huɗun shi ne, "A bar shi a ƙasa." Wannan da kyar yake fita daga bakinsa, kuma duk ranar da ya faɗe shi ba ya cin abincin kirki.

Kalmomin nan sun bi mu har cikin ɗaki. Da Yaya, babban wanmu, ya ce yana son 'yar mai kantin magani, Baba ya ce zai shiga da dabara, kuma haka aka yi. Da Dogo, mai bi masa, ya ce zai bar dako ya zama mawaƙi, Baba ya zauna ya saurari waƙar har ƙarshe, sannan ya ce a bar ta a ƙasa. Ranar kam ya ci abincinsa har da ƙari.

Mu kanmu a can saman wani tsohon bene muke zaune, wanda ba shi da lif, matakalarsa kuma ga ƙunci ga tsayi. A ƙasan benen shagonmu yake, inda muke tara barguna da igiyoyi da kayan da aka bari a ƙasa masu su ba su dawo ɗauka ba. Tsakanin shagon da ƙofarmu akwai ɗan fili biyu inda matakala ke juyawa, irin wanda a sana'armu muke ce wa mahuta. Mama ta daɗe da daina sauka saboda ciwon gwiwa. Kwando take zuro wa mai kayan miya da igiya ta taga, tana ciniki daga sama da murya kamar mai kiran yaro daga wata unguwa. Ita da Baba kullum suna cikin faɗa ɗaya: ita tana son taga a buɗe saboda shukokinta na cikin gwangwani, shi yana son ta a rufe saboda iska na shigar masa ƙirji. Tun ina ƙarama suke wannan faɗa, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya gaji ba.

Wata safiya Baba yana ɗaure kaya a bayan mota igiyar ta suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya dube ta yana mamaki, ya sunkuya zai ɗauka, sai ya zube. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ranar Mama ta sauko benen nan da ƙafarta, ban san yadda ta yi ba, amma hawan da ta yi na komawa ya kwantar da ita har likita ya ce kada ta sake. Don haka duk zaman da Baba ya yi a asibiti ta waya suke gaisawa, ni ke riƙe masa a kunne. Su biyun ba su iya waya ba. Ta tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, su yi shiru suna jin numfashin juna, sai ta ce a gaishe da masu jinya.

Magana ta dawo masa a hankali, baki a ɗan karkace. Ƙafar ta fara motsi, hannun bai yi ba. Da aka fara zancen sallama, Yaya ya ce a kai shi gidansa, can ɗaya gefen gari, tunda gidan ƙasa ne kuma matarsa ta yarda. Maganar tana da hankali, sai dai ɗaki ɗaya ne ƙarami, kuma Mama ta ce ita ba inda za ta, a nan aka kawo ta, a nan ta haife mu. Kowa ya gane abin da hakan ke nufi ko da ba a faɗa ba. Idan Baba bai hau benen nan ba, tsofaffin nan biyu za su ƙarasa rayuwarsu suna gaisawa ta waya.

Dogo ne ya ce wai mu da muka hau da firji mai ƙofa biyu har hawa na biyar, mahaifinmu ne zai gagare mu? Nan take yayyena suka shiga aikin da suka iya. Suka auna keken marasa lafiya, suka auna matakala, suka ɗora wa keken buhunan yashi daidai nauyin Baba, suka ɗaure, suka hau da shi. A mahuta wurin ya yi kaɗan, sai an kwantar da keken baya sosai sannan a juya, amma ya wuce. Suka sauko suna haki suna dariya. Dogo ya sa hannu a baya, ya kwaikwayi muryar Baba ya ce zai shiga da dabara. Har ni na yi dariya. Ba wanda ya tuna cewa mai yanke hukuncin yana nan da ransa, kuma ba a tambaye shi ba.

Ranar da aka sallamo shi Mama ta tashi da wuri ta gyara ɗaki, ta sauya zanin gado, ta ɗaura sabon zani, har taga ta rufe. Mu kuma a ƙasa muka shirya Baba. Yaya ya lulluɓe shi da bargon aiki, irin mai kaurin nan da muke naɗe kabad da shi. Suka ɗaure shi da ɗamara biyu a gicciye a ƙirji yadda ake yi wa firji. Dogo, don tsabar kulawa, ya sa masa kwali a gwiwar hannu kada bango ya goge shi. Baba yana kallonsu. Maƙwabta suka buɗe ƙofofi suna leƙe, kowa da sannunsa.

Suka ɗaga. Kuma da yake baki ya saba, suka fara kiran da suke yi kullum. Ɗaga naka. Kula da ƙasan. Nauyin yana hagu, tallafi hagun. Ina biye da su da jakar magani, ina jin kowace kalma tana sauka a kan Baba, su kuwa ko a jikinsu, aiki suke yi da zuciya ɗaya. Da suka iso mahuta ta farko Yaya ya ce a karkato shi. Suka kwantar da keken baya, ƙafafun Baba suka yi sama, kansa ya yi ƙasa. Takalminsa na hagu ya fice. Hularsa ta faɗi ta gangara matakala tana tsalle har ƙasa, wata maƙwabciya ta ce wayyo, bawan Allah.

"Ku sauke," in ji Baba.

Suka ɗauka hutu yake so, suka daidaita keken suka ajiye a mahuta.

"Ƙasa," ya ce. "Ku mai da ni ƙasa."

Yaya ya fara lallashi, wai an ci rabin wahalar, saura kaɗan. Baba bai dube shi ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, kuma a rayuwata ban taɓa ganin kunya a fuskar mahaifina irin ta ranar ba. Suka sauko da shi jiki a sanyaye. A ƙofar shago na kwance masa ɗamarar, na cire kwalin, na sa masa hularsa. Ya ɗaga kai ya dubi matakalar da ya yi shekara da shekaru yana hawa da buhu a kafaɗa, ya daɗe yana kallo.

"A bar shi a ƙasa," ya ce.

Daga can sama muka ji an rufe ƙofa a hankali. Mama ta ji komai.

Ranar ba shi da ƙarfin da za a sake sa shi a mota, don haka muka share shago muka kafa masa gado tsakanin tulin barguna da wani ƙaton kabad da shi da kansa ya taɓa yanke wa hukunci na huɗu. Yaya ya ce na ɗan lokaci ne, kafin sanyi ya shigo zai zo da mota ya tafi da shi, don shagon yana da danshi. Ni kuwa na ja yayyena waje na wanke su tas. Na ce mutum ne kuka ɗauka ko injin wanki? Har da kwali? Dogo ya sunkuyar da kai ya ce shi fa gudun kada ya ji ciwo ya yi. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi, don ba ni da wanda zan ɗora wa laifin.

Baba ya juya fuska bango. Abinci sai an yi da gaske, rediyo ma ya ce a kashe. Kwandon Mama yana saukowa ta taga da kwano a rufe, yana komawa kusan yadda ya zo. Idan aka kira aiki na tambaye shi ko kaza zai shiga ta ƙofa kaza, sai ya ce in tambayi Yaya.

Asibiti sun haɗa mu da wata malamar motsa jiki da ke zuwa gida. 'Yar gajeruwa ce mai saurin magana, ba ta san wani abu wai shi jin nauyin dattijo ba. Ta murza ƙafar Baba, ta ce ya tura, ya ja, ya matse mata yatsu da hannun dama har sai da ta ce ya isa haka. Da ta fito na tare ta a bakin ƙofa na ce ta faɗa mini gaskiya, zai yiwu ko ba zai yiwu ba. Ta ce ita ba ta amsa tambaya mai faɗi haka. Ta ce idan benen gaba ɗaya nake nufi, yau, to ba ta ga hanya ba. Idan taki ɗaya nake nufi, wannan kam abu ne da hannu zai kai, wataƙila ma cikin makon. Abin da ke tsakanin taki ɗaya da ƙofarmu kuwa ba ta yi mini alkawari, amma ba mafarki ba ne, ta ga waɗanda suka fi shi rauni sun yi. Sharaɗin dai shi ne da ƙafarsa zai hau, kuma sai ya so.

Nan gizo ke saƙa, don Baba ya hau dokin naƙi. Ya ce mata ya san benen nan tun kafin a haifi uwarta, ya san abin da ke hawa da abin da ba ya hawa. Ta zo ta koma, ta zo ta koma, yana yarda ta motsa masa ƙafa a kan gado amma ko kallon matakala ba ya yi.

Wata rana da hantsi na hau sama raina a ɓace, na zube a gaban Mama na ce na gaji, mijinta ya kafe, a bar Yaya ya zo ya ɗauke shi. Tana zuba wa shukokinta ruwa, ba ta juyo ba. Ta tambaye ni ko ranar da ya yanke hukuncin ya bi hanyar. Na ce wace hanya? Ta ce hanyar da kayan za su bi. Ya taka ta da ƙafarsa? Ya tsaya a kwana? Ya nuna inda za a sauke a huta? Na ce ina fa, a ɗaure yake kamar firji.

"To ba hukunci ba ne," in ji Mama. "Fushi ne. Shekarata nawa ina jin sa yana korar yara daga aiki don sun yanke hukunci daga tsaye a ƙasa. Ki je ki faɗa masa ni na ce."

Ta nuna mini 'yar kujerarta ta katako, wadda take zama a kai a kicin, ta ce in sauka da ita in ajiye a mahuta ta farko, inda zai iya hangowa daga ƙofar shago.

Na ajiye kujerar, na shiga na isar da saƙo ban rage ko kalma ba, har na ɗan ƙara gishiri don ni ma ina da nawa a ciki. Can Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, uwarki ta cika baki. Washegari da na kawo masa ruwan wanke fuska na tarar ya jawo kansa bakin gado, yana leƙen kujerar ta ƙofa. Ya ce wa ya ajiye ta a nan, ai ta tare hanya, a matsar da ita jikin bango. Na matsar. Ya ce in miƙo masa takalminsa.

Da malamar ta zo ta tsayar da shi a gindin matakala, sai matsala ta farko ta bayyana. Ƙarfen dafawa yana hagu ne ga mai hawa, hannun da ya mutu. Baba ne ya fara gani. Ya dubi bangon dama ya ce a nan ake son ƙarfe, tun daga ƙasa har sama. Na kira yayyena, waɗanda tun ranar keken suke raɓe-raɓe kamar kajin da ruwa ya daka. Suka nemi izinin mai gidan, suka zo da bututun ƙarfe da injin huda bango. Baba ya zauna a kujera a ƙofar shago yana kallo, kuma ba a yi nisa ba ya fara. Wannan ya yi sama. Wancan nocin bai ɗauru ba. Wa ya koya muku aiki? Dogo ya juyo ya dube ni, idonsa cike da ƙwalla, bakinsa har kunne. Rabon da Baba ya zage shi tun kafin asibiti.

Taki na farko ya ci masa kusan duk safiya. Hannun dama a ƙarfe, ƙafar dama ta hau, sannan a jawo ta hagu ta same ta. Malamar tana bayansa riƙe da ɗamara a ƙugunsa, ɗamararmu ce ta aiki, amma wannan karon shi ya zaɓe ta kuma shi ya ce ga yadda za a ɗaura. Ya hau, ya tsaya yana huci, ya sauko. Ya ce wannan ba komai ba ne, yaro ma ya yi. Amma ranar kwanon Mama ya koma sama wayam.

Ba zan ce daga nan komai ya tafi sumul ba. Akwai ranakun da ƙafar ta ƙi, ya zauna daɓas a matakala yana zagin ta kamar wani yaron mota. Akwai ranar da ya ce a kira Yaya ya zo da motar a huta, na ce wayar ba caji, ya ce ƙarya nake, na ce eh. Muka yi kwana biyu ba ma magana. Na sha tambayarsa, cikin wasa, ko yanzu mene ne hukuncin, sai ya ce bai gama bin hanya ba. Ranar da ya kai mahuta ta farko ya zauna a kujerar Mama, bai yi murna a fili ba. Ya shafa katakon ya ce ƙafarta ɗaya tana rawa, a kawo masa guduma.

A cikin kwanakin nan ne na lura malamar tana daɗewa a gidanmu. Idan ta gama da Baba sai ta ce za ta hau ta gaida Mama, ta sha ruwa. Shan ruwan ya riƙa tsawo. Wata safiya na fito daga ɗaki da shara, sai na ga abin da ya sa na kusa sakin kwandon. Mama ce a matakala, ta juya baya tana saukowa da baya-baya, hannu biyu a sabon ƙarfen, tana cije leɓe, malamar tana ƙasa da ita tana ƙirga mata. Da Mama ta gan ni ta watsa mini harara ta ce idan na faɗa wa ubana sai ta yanke mini harshe. Malamar ta ce likita ya hana Mama benen gaba ɗaya ne a tashi ɗaya, bai hana ta kaɗan-kaɗan ba, ta tambaye shi. Na koma ciki na zauna a bakin gado na yi kukana na share.

Don haka wata rana Baba yana zaune a mahuta ta farko yana mai da numfashi, sai ya ji motsi a sama. Ya ɗaga kai. Ga Mama a mahuta ta biyu, zaune a kujerar roba, tana fifita da gefen mayafi kamar dama can nan take wuni. Tun ranar da ya faɗi ba su ga juna ido da ido ba. Tsakaninsu hawa ɗaya ne kacal. Ina tsaye a gefe ina jiran in ji abin da za su ce.

"Malam, wa ya yi maka wannan askin?" in ji Mama.

"Ɗanki."

"Ya cuce ka."

Daga ranar kullum da hantsi suna nan, shi a ƙasa ita a sama, suna hira da ƙarfi har maƙwabta suka san duk sirrin gidanmu. Masu hawa da sauka suna raɓawa ta gefensu suna gaisuwa. Maƙwabciyar nan da ta ce wayyo ita ta riƙa kawo musu ruwan zafi. Baba ya daina cewa a kira Yaya. Ya fara cin hawa na biyu, taki-taki, yana komawa kujerarsa, Mama tana daga sama tana cewa ya daina kallon ƙafarsa ya dubi gabansa, shi yana cewa ta bar koya masa sana'arsa.

Amma sanyi ya fara shigowa, bangon shago ya fara tsattsafo da danshi, Baba ya fara tari. Malamar ta ce zaman shagon ya kusa isa haka. Yaya ya kira ni ya ce ba zai zuba ido ƙirjin tsoho ya lalace ba, zai zo da mota ranar hutu, an gyara ɗakin. Ban yi masa musu ba, don wannan karon shi ke da gaskiya. Na faɗa wa Baba. Ya ce ya ji.

Ranar Yaya ya iso da hantsi, Dogo na biye da shi. Suka leƙa shago ba kowa, gado a gyare. Na nuna musu sama da baki. Muka hau tare, muka wuce kujerar katako a mahuta ta farko, ba kowa a kanta. A mahuta ta biyu muka same su. Baba ya jiƙe sharkaf da gumi, rigarsa ta manne a baya, yana zaune a kujerar roba, malamar tana tsaye tana kwance masa ɗamara. Mama ta ba shi kujerarta, ita ta zauna a matakala kusa da ƙafarsa, shi kuma yana riƙe da kofin shayi. Wurin ya yi mana kaɗan, muka tsaya a jere a matakala kamar masu jiran layi.

Yaya ya durƙusa ya gaishe su. Ya juya makullin mota a hannunsa, ya rasa ta inda zai fara. Daga ƙarshe ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, motar tana waje. Amma kai za ka faɗa. Yaya ka gani?"

Baba ya kurɓi shayinsa. Ya miƙa wa Mama kofin. Ya kama ƙarfe ya miƙe tsaye, ba wanda ya taɓa shi. Ya dubi hawan da ya rage, daga taki na farko har ƙofarmu da ke buɗe a can sama. Ya ware hannunsa na dama ya auna tsakanin bango da bango, na hagun yana rataye a gefensa. Ya ɗaga kai ya dubi silin, ko da yake ba abin da zai taɓa silin. Ya tambayi malamar ko akwai wurin ajiye kujera a bakin ƙofar, ta ce akwai.

"Zai shiga," in ji Baba. Ya ɗan tsaya ya ja numfashi. "Da dabara. Ba yau ba. A ba shi kwana kaɗan, a sa masa bargo biyu a shagon."

Dogo ya juya mana baya yana goge fuska da hula. Yaya ya sa makullin a aljihu. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa abin yi, sai na hau faɗa wai wa ya bar guduma a matakala.

Mama ta kama ƙarfen ta miƙe da kyar, ta karkaɗe zaninta, ta fara hawa taki-taki. Da ta yi nisa kaɗan ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ka dai sani, tagar a buɗe take," ta ce. "Tun ranar da ka ƙi hawowa na buɗe ta."

"Ki rufe kafin in iso."

"Ka iso ka rufe da kanka."

Baba ya koma ya zauna, gefen bakinsa mai lafiya yana motsi. Ya dube ni ya ce, Ofis, tsayuwar me kike yi, sauka ki ɗauko kujerar katakon nan ki kai ta bakin ƙofa. Na sauka na ɗauko.